Waiwaye: Shayin da Ake Sha Kafin a Biya Kuɗin Monita

Mu da muka tashi a wannan kusurwa ta Bagudo, inda Kogin Kwara ya ratsa gonakinmu, ƙasar Benin kuma take bayan gida kamar maƙwabciyar da darni kawai ya raba mu, mun san kaya tun kafin mu san kanti. Duk abin da ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, in ya hau titin Faraku ya iso Kandi, ko dai ya ratse ta Segbana ya faɗo Tsamiya, ko ya miƙe Malanbil ya gangaro Madekali ya shigo mana ta Lolo. Atamfa ta bi wannan hanya tun iyayenmu na kiran ƙasar Dahomi, sunan da ta ajiye a 1975. Gwanjo ya bi, shinkafa ta bi, motocin da har gobe muke ce wa 'yan Kwatano sun bi. Kwamfuta ma da ta tashi zuwa garinmu ba a cikin kwali ta zo ba. A but ɗin mota ta zo, naɗe cikin tsohon bargo, tsakanin tayar sifiya da buhun takalma.

Jikana ne ya tono mini wannan zance. Yaro ne ɗan aji biyar na sakandare, ya yi wa ubansa aikin shinkafar rani tun daga dashe har sussuka, aka ba shi nasa kaso. Wani dare bayan isha'i ya zo ya zauna gefen tabarmata ya miƙo mini waya. "Tsoho, ga abin da zan saya." Na gyara tabarau. Hoton monita ne mai inci 32, lanƙwasasshe kamar ɓarin ƙwarya, an rubuta 165Hz da 1ms da manyan baƙaƙe, ga wasu fitilu ja da shuɗi a bayansa. Kuɗinsa ya cinye kason yaron duka har da neman ciko, cikon kuwa ni ake hari. Na ce, "Abokina, ka taɓa ganinsa a kunne?" Ya ce, "Ai ga hotonsa nan." Na yi dariya har da tari, don na tuna ni ma na taɓa ba wani dattijo amsa mai kama da wannan.

A 2004 na buɗe ɗan shagon buga takardu. Lokacin masu tafireta na nan a gindin bishiya suna buga wa mutane takardar neman aiki da ta sayen fili, ni kuma na ga iskar ta fara kaɗawa wani wajen. Wani direba da ke kawo motoci daga Kwatano ya aiko mini cewa yana da allon kwamfuta guda uku, in zo in zaɓa. Masu ƙeyar nan ne, inci 15, waɗanda sai ka rungume su da hannu biyu ka yi bisimilla kafin ka ɗaga. Na riga na zaɓi wanda ya fi fari da ido, kuɗi na aljihu. Allah ya sa na biya ta shagon wani dattijo mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙansa, na ce ya raka ni don dai a ce an je da masani.

Da muka isa bai ko dubi wanda na nuna masa ba. Ya sa aka tada janareto, aka jona duka ukun, ya aiki yaro ya ɗauko gawayi da butar shayi. Na ce, "Malam, ai duk sun kawo, ga su nan muna gani." Ya ce, "Alhaji, kayan wuta ba ya faɗin gaskiya da sanyi. Bari ya yi zafi tukuna." Muka sha na farko mai ɗaci, muka sha na biyu. Kafin a zuba na uku, farin nan da na ƙwallafa rai a kansa ya fara rawar sanyi, hoton yana tsukewa yana buɗewa kamar mai numfashi. Na biyun, Malam ya juya shi ya duba kan kusoshinsa ya ga sun sha sukundireba, ya kai hanci ga ramukan iskarsa ya shaƙa, ya ture shi gefe bai ce komai ba. Na ukun shi ne mummunan cikinsu, jikinsa ya yi rawaya, ga wani tabo ruwan hoda a kusurwar sama. Malam ya ce wannan tabon maganaɗisu ne, an jingina shi da sifika a hanya, akwai maɓallin da ke wanke shi. Sai dai bai danna maɓallin ba sai da ya gama amfani da tabon ya rage wa direba kuɗi. Da aka yi sallama ya danna, allon ya yi wata ƙara ya girgiza, tabon ya ɓace. Direban ya riƙe baki, mu duka muka fashe da dariya har da shi.

A hanyar gida ya ja mini kunne da abu ɗaya: kada in kuskura in buɗe bayansa ko da a kashe, domin cikin kwalbar nan akwai ƙarfin wuta da ya haura bolt 20,000, kuma yakan kwanta a ciki bayan an cire soket. Mummunan nan ya yi mini shekara shida yana aiki, ƙurar hunturu da zafin bazara duk a kansa.

In muka duba da kyau, Malam bai ƙirƙiro komai ba. Abin da iyayenmu ke yi a kara ya yi: a buɗe bakin sa a duba haƙora, a kora shi ya yi tafiya a ga ko yana ɗingishi. Abin da iyayenmu mata ke yi wa atamfa ne, su jiƙa bakin zane su murza a ga ko zai zuba. Sarkawa ba sa biyan kuɗin sabon jirgi sai ya kwana a ruwa an ga abin da ya sha. Duk wanda ya girma a bakin iyaka ya san kayan da suka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan titi sun ga abin da ba za su faɗa ba sai an matsa musu. Wannan ilimin kyauta muka gada, kuma a hannunmu ya fara zubewa, don haka ba na ɗora wa yaran yau laifin duka.

Ni na fara zubar da nawa. Wajen 2010 allon bango mai faɗi ya cika kasuwa, kowa na cewa filasma, ko da yake yawancinsu ba filasma ba ne, LCD ne. Na je wani birni sayen tawadar firinta, na ga ɗaya a kwali, inci 18.5, baƙi wuluk yana sheƙi. Mai shagon ya kunna mini shi minti biyu, wani bidiyon kifaye masu launi yana yawo a kai. Malam ya riga mu gidan gaskiya lokacin, ni kuma ina sauri kada motar gida ta cika. Na biya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma wannan adon ne ma ya ja ni.

Tun ranar farko na gane na yi cinikin biri a sama. Ashe incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kamar a sayar maka da gona a ce tsawonta kaza, alhali igiyar a karkace aka ja ta. Allo mai inci 19 na tsohon yayi, mai kusan murabba'i, tsayinsa daga sama zuwa ƙasa ya kai santimita 30. Nawa sabon mai faɗi bai wuce 23 ba. Mai kallon fim ya ƙaru, mai buga takarda ya ragu, don takardar A4 a tsaye take, ba a kwance ba. Rabin wasiƙa nake gani, sai na yi ta gungurawa sama da ƙasa. Ɗigogin da ke haɗa hoton ma 1366 ne a kwance da 768 a tsaye, miliyan ɗaya da 'yan kai, alhali na inci 19 ɗin da na raina yana da 1280 da 1024, sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Ga fuskarsa kamar madubi, ƙofar shagona kuma gabas take kallo, da hantsi hulata nake gani maimakon rubutu. Bai rufa wata huɗu ba farinsa ya fara komawa ja-ja, alamar fitilar da ke bayan gilashin ta tsufa. Da aka buɗe shi aka ga tsoho ne aka yi wa sabuwar riga. Da na zauna shan shayi, da wataƙila aibinsa ya nuna kansa tun a shagon.

Kamfanoni ba don mu suka koma allo mai faɗi ba. Talabijin da fina-finai sun tsaya a kan ma'aunin 16:9, masana'antun gilashi suka ga ya fi musu sauƙi da riba su yanka na kwamfuta da na talabijin a fasali ɗaya, daga wajen 2009 kuwa sauran fasalin suka fara janyewa daga kasuwa. Ofisoshin Turai suka sauke tsofaffinsu, mu kuma muka tare su a nan. Akwai na kirki a ciki, irin su Dell da HP na ofis waɗanda aka ƙera don su wuni a kunne. Akwai kuma shara tsagwaronta, wadda zubar da ita a can ke da tsada, sai a cusa ta cikin tsohuwar mota a turo. Masu shekaruna za su tuna 1988, da aka gano gangunan guba daga Italiya jibge a garin Koko, ba Kokonmu na hanyar Yawuri ba, wancan na bakin teku a tsohuwar jihar Bendel. Waccan ta zo a ganga kowa ya yi kururuwa. Wannan a kwali take zuwa, mu biya kuɗi mu yi godiya, in ta mutu yara su fasa su ƙone waya don jan ƙarfe, gilashin mai ƙeya kuwa cike yake da dalma.

Na dawo kan jikana. Na tambaye shi me zai jona wa allon. Ya ce laftof ɗin gwanjo da yake koyon amsa tambayoyin JAMB a kanta, tunda tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya, sai kuma PlayStation 4 da suka haɗa kuɗi da abokansa suka saya don ƙwallo. Na ce to tsaya nan. Lambar Hz ɗin nan tana nufin sau nawa allo ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. PlayStation 4 ba ta aika fiye da 60. Laftof ɗinsa ta ofis ce, ko 60 ɗin da ƙyar take kai wa in wasan ya yi nauyi. Sayen mai 165 a wannan hali kamar sayen dokin sukuwa ne a ɗaura masa amalanke. Ga mai PlayStation 5, wadda ke iya kai wa 120, ko mai kwamfutar wasa ta musamman, zancen daban ne, kuma ba na musun cewa ido na ganin bambancin. Amma daidai ruwa daidai tsaki.

Ya ce to 1ms ɗin fa, ai shi ke hana jinkiri. Na ce a allo mai 60, kowane hoto yana zama kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa kafin na gaba ya zo, don haka tazarar da ke tsakanin 1 da 5 ba ita ke sa a ci shi ƙwallo ba. Jinkirin da yake kuka da shi in yana buga wasa da mutanen nesa na sabis ne, a garin da in ka matsa kusa da iyaka wayarka kan yi maka maraba da zuwa Benin kana tsaye a gonar ubanka. Babu allon da ke maganin wannan. Ya yi shiru, amma na ga bai sallama ba.

Abin da ya karya masa gwiwa tambaya ce da babu ita a jikin kwali. Na ce, "In kuna buga ƙwallon nan, ku nawa ne a ɗakin?" Ya ƙirga ya ce wani lokaci bakwai, wani lokaci goma. Masu tallar nan suna zana yaro ɗaya a ɗaki shi kaɗai, kujera a tsakiya, hancinsa saitin allo. Mu kuwa ba mu iya kallo mu kaɗai ba. Tun zamanin majigi a filin makaranta, har zuwa talabijin ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa, har gidajen kallon ƙwallo na yau, a taru muke yi. Biyu na riƙe da abin bugawa, sauran na tsaye a baya, wasu a tsugune a gefe suna jiran layi suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Allo mai arha irin wanda ake kira TN, in ka kalle shi daga gefe ko daga ƙasa launinsa juyewa yake, koren fili ya yi duhu, rigunan 'yan wasa su rikiɗe. Irin IPS kuwa na gefe da na tsakiya kusan abu ɗaya suke gani. Lanƙwasasshen da yake so an yi shi ne don mutum ɗaya a tsakiya. A ɗakin mutum goma, haruffan nan uku na IPS sun fi masa duk lambobin da ke kan hoton amfani.

Sai zancen wuta, wanda duk mai tallar da ke zaune a wata ƙasa ba zai tuna da shi ba. Mai ƙeyar da na fara da shi yana shan wat 70 zuwa sama. Mai inci 24 na yanzu mai fitilar LED bai cika wuce 25 ba, ƙaramar sola da batir ɗaya sun riƙe shi har dare ya raba. Babban nan mai fitilu ya kusa ninka haka. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, kowane wat sai an yi masa lissafi. Na nuna masa ya riƙa juya allo yana karanta takardar da ke manne a baya. Can ne ake rubuta wata da shekarar da aka ƙera shi, can ne kuma za ka ga ko yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, abin da ke cetonsa ranar da wuta ta zo kamar ta aci-balbal. Wanda cajarsa ke waje ya fi mini kwanciyar hankali, don in wuta ta yi tsalle sau da yawa cajar ce ke tafiya, a sayi wata. Sai dai a tabbata tasa ce ta asali, domin wani bolt 12 yake ci, wani 14, wani 19, kuma 'yan kasuwa kan haɗa ka da duk wadda bakinta ya shiga.

Da a da ne, da Lolo za mu nufa mu tsallaka. Amma iyakar da muka sani ta sauya. An rufe ta a Agustan 2019, aka daɗe ana jan ƙafa kafin al'amura su fara komawa, shigo da motoci ta ƙasa kuwa tun farkon 2017 aka hana. Uwa uba kuɗi. Lokacin da na sayi mai ƙeyata, sefa dubu ba ta kai naira 300 ba. A 2024 ta haura naira 2,000, don sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa an sake ta tun Yunin 2023. Yanzu mutanen can ne ke tsallakowa su yi sayayya a wajenmu suna murmushi. Don haka muka hau motar Birnin Kebbi da sassafe.

A shago na uku muka sami abin da muka zo nema: inci 24, ɗigo 1920 da 1080, IPS, fuska marar sheƙi. Wannan girman shi ne daidai ga wannan adadin ɗigo in a kan tebur za a zauna. In aka shimfiɗa su a inci 32, rubutu sai ya yi ɓaro-ɓaro kamar tsakin masara. Yana da ramin HDMI na wasan, da shuɗin ramin VGA mai ƙofofi 15 na tsohuwar laftof, da ɗan ramin sifika, wanda mutane da yawa ke mantawa sai sun kai gida su tarar da ƙwallo ba sauti. Guda biyu ne iri ɗaya, dukansu gwanjon ofis. Mai shagon, matashi ne mai fara'a, ya kawo bidiyonsa na furanni zai saka. Na ce, "Ɗana, ajiye wannan. Jona su duka biyu a laftof ɗin yaron nan, ka aika a kawo mana shayi, ni zan biya." Ya dube ni ya dubi jikana. Jikana ya sunkuyar da kai don kunya.

Na sa yaron ya buɗe farin shafi ya cika allon da shi, muka bi shi kusurwa-kusurwa muna neman baƙin ɗigo ko tabon danshi. Muka koma baƙi, na sa aka tura ƙofa, don a duhu ne ake ganin hasken da ke tsiyaya ta gefuna. Muka bi ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, saboda ɗigon da ya maƙale a launi ɗaya a nan yake tona kansa. Na sa shi ya tsuguna ya kalla daga ƙasa, ya koma gefe ya kalla. Ya girgiza wayar HDMI a raminta a ga ko hoto zai ɗauke. Duka biyun suka tsallake. Mai shagon ya ce, "Baba, ai na faɗa maka kayana ba su da matsala." Na ce ban musa ba, a dai ƙaro ruwan zafi.

Muna cikin kofi na biyu, ana hirar farashin taki, sai jikana ya miƙe tsaye ya nuna na hagun. Wani siririn layi kore ya fito daga sama har ƙasa, kamar an ja zare. Mai shagon ya matso ya kashe ya kunna, layin ya ɓace, bayan minti biyar ya dawo. Ya rantse bai taɓa ganinsa ba, na kuma yarda da shi, don shi ma bai taɓa barin sa a kunne ya kai haka ba. Muka ɗauki na daman, aka rubuta mana rasit da lambar da ke bayansa da sharaɗin mako guda. Abin da ya rage a kuɗin ya ishi yaron sitabilaiza ƙarama da kuɗin mota, ban ciro ko sisi ba.

A mota ya rungume allon a cinya, naɗe cikin bargon da kakarsa ta ba mu. Mun wuce Jega bai ce uffan ba. Can sai ya juyo ya ce, "Tsoho, abokina zai sayi nasa ran Laraba. Kofi nawa zan ce masa ya sha?"